Taimakon Ɗan'uwa: Rufa Masa Asiri ko Riƙe Masa Hannu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci, kuma ya haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a kowace Juma'a, cikin sahun da muke tsayawa akwai ɗan sanda, akwai jandarma, akwai gardi, akwai ma'aikacin duwan da na gandun daji. Wani ya zo da kakinsa, wani ya sauya riga. Kafaɗarmu tana gugar tasu, limami ɗaya muke bi. Ƴaƴanmu ne da ƙannenmu da surukanmu. Saboda haka maganar da za mu yi yau ta cikin gida ce.

Ma'aikatan nan, kamar sauran masu sana'a, suna da ƙungiyoyinsu: ta zumunci, ta waɗanda suka fito makarantar horo shekara ɗaya, ta masu ritaya, da asusun taimakon juna. Kowace tana da shugaba da magatakarda da ma'aji, da zubin wata-wata. Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: ranar da ɗan ƙungiya ya zalunci wanda ba ɗan ƙungiya ba, mene ne ya hau kan shugaban da sauran ƴan'uwansa? Su rufa masa asiri, ko su riƙe masa hannu?

Aiki mai daraja, ƙungiya mai amfani

Kafin mu shiga tambayar, wajibi ne mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Tsaron jama'a babban aiki ne a Musulunci. Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa matsayin Ƙaisu ɗan Sa'adu ɗan Ubada a gaban Manzon Allah (SAW) ya yi kama da matsayin shugaban ƴan sanda a gaban sarki. Tirmizi kuma ya ruwaito bushara ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, cewa wuta ba za ta taɓa shi ba. Sayyidina Umar (RA), yana halifa, da ƙafarsa yake zaga Madina cikin dare.

Aikin kuma yana cin rai. Tun daga harin Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, zuwa fitinar jahar Tilaberi da arewacin Tawa, da satar mutane da dabbobi a ƙauyukan kan iyaka na jahar Maraɗi, mun sallaci gawar ma'aikatan tsaro masu yawa. Kowanensu ya bar mata da marayu. Idan an tashi zaman makoki, ƴan gaisuwa sun watse, sau da yawa abokan aikinsa ne ke tuna cewa akwai kuɗin haya da na makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Annabi (SAW) ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce shi nasu ne su ma nasa ne. Asusun taimakon juna, in an tsarkake shi, jikan wannan mayafin ne.

Ƙungiya kuma baki ce ga ƙaramin ma'aikaci, wanda tsarin aikinsa bai ba shi damar ɗaga murya gaban babba ba. Manyanmu ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashin watanni. A Fabrairun 1992 sojoji suka yi bore a Yamai saboda albashi, har suka riƙe gidan rediyo. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ke aljihu ya ƙara kasawa. A maƙwabciyarmu Nijeriya, ƙananan ƴan sanda sun yi yajin aiki a farkon 2002 kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Mai yunwa da bindiga a kafaɗa haɗari ne ga kansa da ga jama'a. Duk shugaban ƙungiyar da ya tsaya, cikin ladabi da bin doka, don a biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, a kula da lafiyarsa, a ba iyalinsa abin da ya bari, lalle yana cikin aikin lada.

Sai dai wannan ƙungiya ba ta zama ɗaya da ta mahauta ko ta masu motocin haya ba. In mahauta suka ƙi yanka, gari ya kwana bai ci nama ba. In masu gadi suka bar gadi, mai rauni ne ke kwana a hannun ɓarayi. An ga haka a birnin Boston na Amurka a watan Satumban 1919: ƴan sanda fiye da 1,000 suka ajiye aiki kan ƙarancin albashi da hana su ƙungiya, a daren farko aka fasa kantuna aka wawashe dukiya, daga baya aka yi asarar rayuka, kuma ba a mayar da masu yajin bakin aikinsu ba. A wannan shekarar ce Ingila ta yi dokar da ta kafa wa ƴan sanda tarayyarsu ta musamman, ta kuma hana su yajin aiki. Yarjejeniya mai lamba 87 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1948, wadda ta ba ma'aikata ƴancin kafa sandika, ita kanta ta bar wa kowace ƙasa ta yanke iyakar wannan ƴanci ga soja da ƴan sanda. A nan gida ma, a 2025, hukumomi sun rushe sandikokin ma'aikatan duwan da na gandun daji. Ko da wane suna aka kira ƙungiyar, kuma ko wace iyaka doka ta yi mata, abu ɗaya bai sauya ba: ƴaƴanta suna riƙe da abin da ba nasu ba. Kaki da bindiga da ankwa da makullin gidan kaso amana ce ta jama'a. Daga nan nauyin tambayarmu ya taso.

Ranar jarrabawa

Mu ƙaddara wani dare a wata bariya. Gardama ta tashi tsakanin ma'aikaci da yaron mota a kan jika ɗaya ta goro. Rai ya ɓaci, aka ɗaga gindin bindiga, yaro ya faɗi, kafin a kai shi likita ya cika. Abokan aiki uku suna tsaye, sun gani. Da gari ya waye aka rubuta cewa daga saman kamiyo ya faɗo. Uwar yaron, mai sayar da ƙosai, ba ta yarda ba, ta kai ƙara.

Sai ma'aikacin ya zo gidan shugaban ƙungiya bayan sallar isha'i. Shekara 15 yana zubi bai taɓa tsallake wata ba. Yana da mata biyu da ƴaƴa tara. Ya taɓa goya abokinsa mai rauni ya fitar da shi daga ruwan harsashi. Abu uku yake roƙo: a gaya wa shaidun nan su haɗa baki, a je a ga manya don takarda ta kwanta, a ɗebi wani abu a asusu a kai wa tsohuwar ta yi shiru. Ya rufe da cewa: «Ranka ya daɗe, in ba ku ba, wa nake da shi?»

Wanda bai taɓa zama kan wannan kujera ba zai ga amsar da sauƙi. Ba ta da sauƙi. Masu cewa a rufa suna da hujjojinsu, kuma adalci ne mu saurare su.

Suna cewa: aikinmu a kan yarda ya tsayu. Wanda zan ba bayana a daji, in na san gobe zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kaina, yaya zan amince masa? Suna cewa: mutane ba su son mu, ƙazafi a kanmu ba ya ƙarewa, in muka buɗe ƙofa sau ɗaya kowa zai shigo da tasa ƙarar. Suna cewa: babba yana cin miliyoyi ba a taɓa shi, sai ƙarami a kan jika ɗaya? Suna cewa kuma: ai addini ya yi umarni da rufin asiri, Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da shari'a ta karantar da mu

Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi umarni mutum ya taimaki ɗan'uwansa, ko shi ne mai zalunci ko shi aka zalunta. Larabawan jahiliyya sun san wannan magana tun da, kuma abin da suke nufi da ita shi ne naka naka ne ko ya yi me. Sahabbai suka yi mamaki, suka tambaya yadda za a taimaki mai zalunci. Sai ya bayyana musu cewa hana shi zaluncin, a riƙe hannunsa, shi ne taimakonsa. Ku lura, ƴan'uwa: Annabi (SAW) bai cire azzalumi daga ƴan'uwantaka ba, bai ce a yar da shi ba. Ma'anar taimako ya gyara. Ke nan karin maganar nan ta hannu gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Hannun da ya ruɓe ba a yar da shi, ba a kuma naɗe shi cikin tsumma a ɓoye. Wurin mai magani ake kai shi, ko da wankin gyambon zai sa mai shi kuka.

Akwai ƙissar da ta yi kama da daren bariyar nan ƙwarai. Malaman tafsiri sun kawo, a sababin saukar ayoyi na 105 zuwa 113 na Suratun Nisa'i, cewa wani mutum daga gidan Ubairiƙ, cikin mutanen Madina, ya saci sulke a cikin buhun gari, ya kai shi gidan wani Bayahude. Aka bi sawun garin da ke zuba har ƙofar Bayahuden. Dangin ɓarawon suka haɗa kai suka je wurin Manzon Allah (SAW), suna neman ya wanke ɗan'uwansu a bainar jama'a don kada gidansu ya kunyata. Sai Allah ya saukar da ayoyi yana hana Annabinsa zama mai kare maha'inta, yana tambayar masu jayayya dominsu a duniya ko wa zai yi musu jayayya ranar alƙiyama. Dubi wannan al'amari: ɓarawon yana cikin sahun Musulmi, wanda aka yi wa ƙazafi Bayahude ne, Musulmi kuma suna cikin tsananin buƙatar haɗin kai, amma wahayi ya sauko ya wanke bare ya tona na gida. In da haɗin kai yana halatta ƙarya, da a ranar nan aka halatta ta.

Game da zuwa ganin manya kuwa, ƙissar matar nan ta ƙabilar Makhzum ta ishe mu. Ta yi sata, Ƙuraishawa suka damu saboda girman gidansu, suka tura Usama ɗan Zaidu (RA), masoyin Annabi (SAW), ya yi ceto. Fuskar Annabi (SAW) ta sauya, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai daraja in ya yi laifi da hukunta mai rauni, ya kuma rantse cewa ko ƴarsa Fatima ce ba za a ɗaga mata ƙafa ba. Aya ta 85 ta Suratun Nisa'i ta sanar da mu cewa mai ceto yana da rabo cikin abin da ya yi ceto a kai, in alheri alheri, in sharri sharri. Shugaban da ya sa babbar riga ya tafi ofis don a binne jinin yaron mota, ya sani ya sayi kaso cikin jinin.

Shaidun nan uku fa? Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta tsayawa da adalci da ba da shaida saboda Allah ko da a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi. In ba a ɗauke wa mutum wannan nauyi a kan mahaifinsa ba, yaya za a ɗauke masa shi a kan wanda suka haɗu a makarantar horo? Shaidar zur kuma Annabi (SAW) ya jera ta cikin mafi girman manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, yana kishingiɗe ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Saura hujjar rufin asiri. Gaskiya ne, wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa duniya da lahira. Amma malamai sun yi wa wannan iyaka. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa rufin da ake so shi ne ga mutumin da ba a san shi da cuta da ɓarna ba, kuma bayyana aibin shaidu da waɗanda aka ba amanar sadaka da waƙafi da dukiyar marayu wajibi ne in buƙata ta kama, nasiha ce, ba ta cikin giba. To, in haka ne ga mai amanar dukiya, ina ga mai amanar rai? In ka ga abokin aikinka ya faɗa wani saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, ja shi gefe, yi masa nasiha, ka rufe bakinka. Amma inda akwai uwa mai kuka da ƙara gaban alƙali, asirin da ake rufawa ba nasa ba ne shi kaɗai. Haƙƙin tsohuwar ne ake binnewa, kuma ba wanda ya ba mu izinin yafe abin da ba namu ba.

Abu Dawuda ya ruwaito wani misali mai ban tsoro: wanda ya goyi bayan mutanensa a kan abin da ba gaskiya ba, kamar raƙumi ne da ya faɗa rijiya ana jan sa ta wutsiya. Duk wanda ya taɓa ganin dabba a rijiya ya san wutsiya ba ta fitar da ita, masu ja ne ke wahala, wani ma ya bi ta ciki.

Haƙƙin wanda ake tuhuma

Shin ma'anar wannan ita ce shugaba ya rufe ƙofa ya ce babu ruwansa? A'a. Akwai bambanci tsakanin kare haƙƙin mutum da kare laifinsa, kuma duk hikimar shugabancin irin wannan ƙungiya tana cikin gane wannan bambanci.

Haƙƙinsa ne kada a hukunta shi kafin a saurare shi, domin a shari'a hujja tana kan mai ƙara. Ƙungiya ta ɗaukar masa lauya. Ta tsaya don kada a ɗora masa fiye da abin da ya yi, kada kuma a mai da shi ragon layya don a ɓoye wani babba. In ƙazafi ne, ta tsaya da ƙarfinta duka har a wanke shi, domin a nan shi ne wanda aka zalunta. In yana tsare, ta ziyarce shi, ta kai hatsi gidansa, ta biya kuɗin makarantar ƴaƴansa, domin wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ta zaunar da shi ta nuna masa ƙofar tuba, ta gaya masa cewa kunyar duniya ta fi sauƙi. In ya gama hukuncinsa ya fito, ta taimake shi ya sami abin yi. Duk wannan zumunci ne, kuma yana da nauyi da tsada fiye da ƙaryar dare ɗaya.

Maganar kuɗin da za a kai wa tsohuwar ma tana da fuska biyu. Musulunci ya san diyya, ya kuma san dangin da ke ɗaukar ta tare da mutum a kisan kuskure. An ruwaito cewa bayan Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa masu karɓar albashi daga baitulmali, ya ɗora wannan nauyi a kan waɗanda ke rajista ɗaya da mai laifin. Malaman Hanafiyya a kan haka suka tafi, kuma a Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, an ambaci ƴan diwani cikin masu ɗaukar diyya. Hukuncin kowace shari'a na alƙalai ne, amma darasin a fili yake: rabon abokan aiki cikin kuskuren ɗan'uwansu shi ne su taya shi biya. Diyya tana zuwa da rana, bayan an amsa gaskiya, masu jini suna da zaɓin karɓa ko yafewa. Toshiyar baki tana zuwa da dare, da sharaɗin a yi shiru, wani lokaci da barazana a ƙarƙashinta. Kuɗin na iya zama ɗaya, hukuncinsu a wurin Allah ba ɗaya ba ne.

Haƙƙin wanda ya faɗi gaskiya

Akwai wani ɗan ƙungiya da ake mantawa, shi ne ɗaya daga cikin ukun nan da zuciyarsa ta ƙi yarda. Shi ma yana zubi, shi ma yana da iyali. In ya buɗe baki za a kira shi munafuki, a daina cin abinci da shi, wataƙila a tura shi can nesa. A birnin Niyok na Amurka an yi wani ɗan sanda, Frank Serpico, wanda ya ƙi karɓar rashawa, ya yi shekaru yana kai kuka ga manyansa ba a saurare shi ba, abokan aikinsa suka ƙaurace masa. Sai da maganar ta fito a jarida a 1970 aka kafa kwamitin bincike. A Fabrairun 1971 aka harbe shi a fuska yana bakin aiki, ya rayu, ya kuma ba da shaida. A Afirka ta Kudu kuwa, a 1989, zamanin wariyar launin fata, wani laftanan ɗin ƴan sanda, Gregory Rockman, ya fito fili ya faɗi irin dukan da ƴan sandan kwantar da tarzoma suka yi wa masu zanga-zanga, cikinsu har da ɗalibai. Aka dakatar da shi. A wannan shekarar ya jagoranci kafa ƙungiyar ƴan sanda da ma'aikatan gidan kaso mai suna POPCRU. Ashe ana iya gina ƙungiyar masu kaki a kan faɗar gaskiya.

Ma'aunin da za a auna shugaba da shi ke nan: wa ƙungiyarsa ta ƙaurace wa, mai dukan ko mai shaidar? Maganar yarda a fagen fama kuwa, mu tambayi kanmu: wanda ya saba rantsuwa a kan ƙarya don ya kare ka yau, me zai hana shi rantsewa a kanka gobe in iska ta juya? Yardar da za a jingina da ita ita ce ta mai tsoron Allah.

Amma masu cewa babba ba a taɓa shi, sun faɗi gaskiya mai ɗaci, sai dai maganinta ba shi ne a ƙyale ƙarami ba, domin yaron mota ya fi su duka ƙanƙanta. Maganinta shi ne ƙungiya ta zama wurin da ƙarami zai jingina in aka ba shi umarnin zalunci. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Ali (RA) cewa wani shugaban rundunar da Annabi (SAW) ya aika ya yi fushi, ya sa aka hura wuta, ya umarci mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce da sun shiga da ba su fito ba, domin biyayya a cikin abin kirki take. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu a ƙidayar hukuma, kuma kowace shekara ɗalibai suna tunawa. Jinin da ba a yi wa shari'a a fili ba ba ya bushewa, kuma tabonsa yakan bi kakin har ga waɗanda ba a haifa ba a ranar. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mai ɓoye waken ya fi kowa cutar da garin.

Asusu da kujera

A taƙaice mu taɓo dukiya, domin shugaban da hannunsa bai tsarkaka ba ba ya iya riƙe hannun kowa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Annabi (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo yana ware wani abu da ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya tambaya me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta iske shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soka a Kitabul Farƙ. Saboda haka kuɗin bariya kada ya shiga asusun marayu, haka ma kyautar ɗan fasa-ƙwauri ko ta attajirin da ke da shari'a a gaba, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi gaban taro, a sa masu binciken da ba shugaba ya zaɓe su ba, matar marigayi ta karɓi haƙƙinta ba tare da ta yi ta sintiri ba, wa'adi in ya cika a sauka.

Rabonmu

Ya ku ƴan'uwa, kada mu karanta wannan muna kallon masu kaki kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke naɗe jika cikin takardun mota don kayanmu sun fi ƙima. Mu ne ke kwasar dattawa mu tafi kwamisariya da asuba in ɗanmu ya cuci ɗan wani. Abin da muke zargin ƙungiyarsu da shi muna yin sa a dangi, da unguwa, da jam'iyya, har da ƙungiyoyinmu na addini, in aka ce malaminmu ko ma'ajinmu ya ci amana. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, wadda ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa ta kuma hana shi a kan zunubi da ƙetare iyaka, ba ta ware kowa ba.

Kafin annabci, wani baƙo daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'il kaya a Makka, Asi ya hana shi kuɗinsa don ya ga ba shi da kowa. Baƙon ya hau dutsen Abu Ƙubais ya yi kuka. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa baƙon kayansa daga hannun ɗan ƙabilarsu. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Annabi (SAW) ya halarce shi yana saurayi, bayan annabci kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Ƙungiyar da ta tsaya wa ɗanta a kan haƙƙinsa, ta kuma tsaya wa mai ƙosai a kan nata, ita ce ta gaji wannan alkawari.

Muna roƙon Allah ya tsare masu tsaron mu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya raya marayunsu, ya ba shugabannin ƙungiyoyinsu ƙarfin zuciyar faɗa wa ɗan'uwa gaskiya da tausayin tsayawa da iyalinsa. Ya tsare mu daga zalunci da taimakon zalunci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.